Ƙidaya, Ma'ana da Harshe: Sharhi a kan Littafin William Sewell

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan littafin William H. Sewell mai suna Logics of History, wanda maɗaba'ar Jami'ar Shikago ta buga a shekarar 2005. Littafin yana da babi 10, galibinsu maƙaloli ne da marubucin ya rubuta cikin fiye da shekara 15, kuma dukansu suna kewaya tambaya guda: yaya ya kamata tarihin da ya jingina ga kimiyyar zamantakewa, wato mai aiki da ƙididdiga da ra'o'in ilimin tattalin arziki da na halayyar jama'a, ya karɓi sababbin hanyoyin binciken tarihi da suka mai da hankali ga al'ada da ma'ana da harshe?

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kai mai nazarin harshe cikin gardamar masana tarihi. Amsar ita ce da kayanmu ake wannan gardama. Sau biyu cikin ƙarni na 20 kimiyyar zamantakewa ta zo aro gidan ilimin harsuna, kuma wanda aka ari kayansa yana da damar ya ga yadda aka yi aiki da su. Bugu da ƙari, ɗalibanmu masu shirya kundin bincike a kan yunwa ko kasuwanci ko sarauta suna fuskantar wannan zaɓi tun daga babin dabarun bincike, inda ake sa su zaɓi tsakanin jadawalin lambobi da fashin baƙin maganganun mutane. Za mu fara da mafarin gardamar, mu taƙaita abin da littafin ya ƙunsa, mu nuna inda ya yi ƙarfi, sannan mu kawo wurare uku da muke da ja.

2. Mafarin gardamar

A Faransa, auren tarihi da kimiyyar zamantakewa ya samo asali daga mujallar Annales, wadda Marc Bloch da Lucien Febvre suka kafa a 1929. Ernest Labrousse ya ɗora tarihin farashin kayan abinci a kan wannan tushe tun 1933, Fernand Braudel kuma ya fitar da maƙalarsa a kan dogon zango a 1958, inda ya fifita abubuwan da ke sauyawa sannu a hankali a kan aukuwar rana ɗaya. Abin lura shi ne Braudel yana mai da martani ne ga Claude Lévi-Strauss, wanda shi kuma ya aro ma'anar tsari daga nazarin tsarin sauti na Trubetzkoy da Jakobson. Wannan shi ne aro na farko.

A Amurka, zuwan kwamfuta ya ba wannan hanya ƙarfi. An kafa ƙungiyar masana tarihin kimiyyar zamantakewa a 1974, mujallarta ta fara fita a 1976. A 1974 ɗin ne kuma Robert Fogel da Stanley Engerman suka buga Time on the Cross, inda suka yi amfani da ƙididdiga don nuna cewa bauta a kudancin Amurka sana'a ce mai riba, littafin da ya tayar da ƙura saboda yadda ya auna wahalar bayi da lambobi.

Ba a daɗe ba iska ta juya. Emmanuel Le Roy Ladurie, wanda a 1968 ya yi hasashen cewa masanin tarihi na gobe sai ya iya sarrafa kwamfuta, shi ne ya fitar da Montaillou a 1975, labarin ƙauye guda da aka gina a kan tambayoyin kotun coci. Carlo Ginzburg ya bi da tarihin wani mai niƙa guda ɗaya a 1976. Lawrence Stone ya yi shelar dawowar ba da labari a 1979. Daga nan Gareth Stedman Jones a 1983 da Joan Scott a 1986 suka nuna cewa rukunoni irin su ajin ma'aikata da jinsi ana gina su ne cikin magana. Wannan shi ne aro na biyu, wanda aka kira karkata zuwa ga harshe. Ita kanta Annales ta amsa da sharhohin edita biyu a 1988 da 1989, ta kuma sauya ƙaramin sunanta a 1994.

3. Abin da littafin ya ƙunsa

Sewell ya cancanci yin magana a kan wannan sauyi domin ya zauna a gidajen biyu. Mahaifinsa sanannen masanin halayyar jama'a ne mai aiki da ƙididdiga a Jami'ar Wiskonsin. Shi kansa ya fara ne da ƙirga takardun ɗaurin aure na birnin Marsey na ƙarni na 19 don gano yadda ƴaƴa ke hawa ko sauka daga matsayin iyayensu. Daga baya ya zauna kusa da Clifford Geertz a Firinstan, ya rubuta littafi a 1980 a kan kalmomin da ma'aikatan Faransa ke amfani da su wajen maganar aikinsu daga tsohon mulki zuwa 1848.

Babi na biyu, wanda ya fi kowane jan hankali, tarihin wannan ƙaura ne. Hujjar marubucin ita ce tarihin ƙididdiga ya dace da jari-hujjar manyan masana'antu ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati da kamfani ke tsara kome da lissafi. Samarin masana na shekarun 1960 sun yi wa wannan tsari tawaye, suka koma ga al'ada da ma'ana. Amma a daidai lokacin da suka ajiye kayan awonsu, jari-hujjar ta sauya kama, ta koma ta sakin kasuwa da yawon kuɗi tsakanin ƙasashe, tazara tsakanin mai shi da maras shi ta ƙaru, masana tarihi kuwa ba su da abin auna ta. Ke nan, a ganinsa, sun saki reshe sun kama ganye.

Sauran babobin ƙoƙari ne na gyara. Ya soki masu ganin tarihi yana tafiya zuwa wata makoma da aka riga aka sani, ya kuma soki masu kwatanta juyin juya hali na ƙasashe daban-daban tamkar gwaji a ɗakin kimiyya, inda ya kawo misalin aikin Theda Skocpol. A madadin haka ya ba da shawarar kimiyyar zamantakewa mai ɗaukar aukuwa da muhimmanci. Tsari, a ma'anarsa, yana da fuska biyu: ƙa'idojin da ke cikin kawunan mutane, da kuma abin hannu, wato dukiya da makami da ilimi da yawan mabiya. Kowace fuska tana riƙe da ɗayar. Da yake tsare-tsare suna da yawa kuma suna cin karo da juna, mutane na iya ɗaukar ƙa'idar wani fage su kai ta wani fagen, ta nan ne sauyi ke shigowa.

4. Inda littafin ya yi ƙarfi

Babi na takwas, a kan kame kurkukun Bastiy ranar 14 ga Yuli 1789, shi ne inda ra'in ya nuna amfaninsa. Sewell ya nuna cewa a ranar da abin ya faru babu wanda ya san juyin juya hali ake yi a ma'anar da muka sani yau. Mutanen Paris sun je neman albarushi ne, suka ci kurkukun, suka kashe kwamandansa. Wakilan Majalisa da ke Bersay sun fara ɗaukar labarin a matsayin tarzoma mai haɗari. Sai cikin kwanakin da suka biyo baya, bayan sarki ya janye sojojinsa ya kuma zo Paris ranar 17 ga wata, wakilan suka soma fassara abin a matsayin hukuncin al'umma mai cikakken iko. Kalmar peuple tana da ma'ana biyu, talakawan titi da kuma al'ummar da mulki ke hannunta, kuma wannan harshen damo ne ya ba da damar haɗa tashin hankalin titi da ra'in ikon al'umma. Daga haɗin ne kalmar révolution ta sami sabuwar ma'anarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wurin mai nazarin ma'ana wannan babi abin koyi ne, domin ya bi sauyin ma'anar kalma kwana bayan kwana, ya kuma nuna cewa sauyin ya dogara ga abin hannu: da sojojin sarki sun yi nasara, da kalmar tarzoma ce ta zauna. Ana iya gwada dabarar a kan tarihinmu. Kalmar sawaba, mai nufin samun sauƙi bayan wuya, ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Klaas van Walraven ya bi tarihin wannan jam'iyya a littafinsa na 2013 ta hanyar takardun hukuma da hira da tsofaffin ƴan jam'iyyar. Haka nan kalmar ƴanci, ko ɗiyauci a karin harshen yamma, tushenta ɗa ne, wato wanda ba bawa ba. Manomin da aka yi wa maganar indépendance da wannan kalma ya ji ta ne da kunnen wanda ya san bauta da aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946. Abin da ɗan siyasa ya faɗa da Faransanci a Yamai da abin da aka ji a kasuwar Tasawa ba lalle su zama abu guda ba, kuma dabarar Sewell tana ba mu hanyar auna tazarar.

5. Inda muke da ja

5.1 Matsayin harshe cikin ra'in tsari

A babi na huɗu, wanda ya fara fitowa a matsayin maƙala a 1992, Sewell ya jera tsare-tsare bisa ma'auni biyu, zurfi da iko. Ya ce tsarin gwamnati yana da iko mai yawa amma ba shi da zurfi, jari-hujja tana da duka biyun, harshe kuwa yana da zurfi ƙwarai amma ikonsa kaɗan ne. Dalilinsa shi ne, a matakin tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla, faɗin jumla daidai ga wanda ya iya harshen ba ya fifita kowa a kan kowa.

Matsalar tana cikin sharaɗin nan na wanda ya iya harshen. Wannan hoton al'umma mai harshe ɗaya, inda kowa ya iya shi daidai da kowa, zato ne da Saussure da Chomsky suka ɗauka don sauƙaƙa nazarin nahawu, ba su ce haka duniya take ba. Faransar da Sewell ya ƙware a kanta ita ce ta fara ƙaryata shi. Rahoton da Abbé Grégoire ya gabatar wa Majalisa a 1794 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 6 ba su jin Faransanci sam, masu yin sa da kyau kuwa ba su wuce miliyan 3 ba. Michel de Certeau da Dominique Julia da Jacques Revel sun yi nazarin binciken da ya haifi wannan rahoto tun 1975. Ko a cikin nahawun ma akwai iko. A 1793 ƙungiyoyin ƴan juyin juya hali sun nemi Majalisa ta tilasta amfani da tu a madadin vous, domin sun gane cewa wakilin suna yana ɗauke da matsayi. Bahaushe da ke cewa ku ga surukinsa, ko matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ba su bukatar a yi musu wannan bayani.

A ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka abin ya fi fitowa fili. Tsakanin kwamandan da talaka akwai tafinta, kuma kusan duk maganar Bahaushe da ke cikin takardun hukuma a Yamai da Dakar da Eks-an-Furobans ta bi ta bakinsa kafin ta kai ga alƙalami. Faransanci ya ci gaba da zama harshen hukuma daga 1960 har zuwa 2025, lokacin da sabon kundin ƙasa ya mai da shi harshen aiki. A duk tsawon wannan zamani, iya ginin jumlar Faransanci shi ne ke raba wanda ya yi lakkol da wanda bai yi ba wajen samun aiki da tsayawa gaban alƙali. A nan harshe abin hannu ne kamar gona ko garke. Ra'in da ya sa shi a rukunin marasa iko ba zai yi wa ɗalibinmu aiki ba sai an gyara shi.

5.2 Kowace ƙidaya da kalma take farawa

A babin ƙarshe Sewell ya nemi sulhu tsakanin ɓangarorin biyu. Ya ɗauki ra'in Wittgenstein na wasannin harshe don bayyana zamantakewa, ya ƙara masa abin da ya kira ginannen muhalli, wato hanyoyi da gine-gine da duk abin da aikin mutane ya bari a ƙasa, ya kuma yarda cewa ƙididdiga tana da gurbi wajen gano sakamakon da babu wanda ya yi niyyarsa. Sulhun yana da kyau, sai dai ginshiƙansa duka daga falsafa da ilimin al'adu da na halayyar jama'a suke, babu babi ko ɗaya da aka keɓe wa masana harshe masu ƙirga. Alhali kuwa William Labov ya nuna tun 1966, a bincikensa na birnin Niyok, cewa ana iya ƙirga yadda ake furta sauti guda a gano matsayin mai magana da kuma inda harshe ya dosa. A Faransa, ɗakin binciken ƙididdigar kalmomi na San-Kulu ya ƙirga kalmomin takardun farfagandar Mayu 1968, Régine Robin kuma ta buga littafi a kan tarihi da ilimin harsuna a 1973. Rabuwar lamba da ma'ana, wadda masana tarihi suka yi shekara 30 suna gardama a kanta, ilimin walwalar harshe ya daɗe da wuce ta.

Abin da muke son jaddadawa ya fi haka sauƙi. Kafin a ƙirga abu sai an ba shi suna, kuma mai ba da sunan shi ne ya yanke abin da zai shiga jadawali. Ga misalai uku daga kayan aikin ɗalibanmu.

Na farko, kuɗi. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, dala tamma 5 ce ta sefa, saboda haka wanda ya ce ɗari yana nufin 500, jikka kuwa 1000. Mai binciken da ya rubuta 100 a jadawalinsa ya rage farashin sau biyar, kuma babu dabarar lissafin da za ta gano kuskuren daga baya. Haka tiya da mudu da dami: girmansu yana bin kasuwa da zamani.

Na biyu, rukunin mutane. Hukumar mallaka ta fi son kalmar captif a kan esclave, ta kuma raba ta gida biyu, na gida da na sayarwa. Hausa tana da bawa da bacucane da ƙwarƙwara da mai biyan murgu da bayin sarki, waɗanda wasunsu a Damagaram suka riƙe manyan muƙamai. Lambar da ta haɗa bawan sarki mai sarauta da bawan gandu ba ta faɗi kome ba game da rayuwar ko ɗaya daga cikinsu. Haka kalmar Haoussa a takardun ƙidaya ta rufe Katsinawa da Gobirawa da Adarawa da Arawa da Azna, kuma aikin Benedetta Rossi a kan Adar ya nuna yadda mutane ke shiga wannan suna cikin tsawon zamani. Sannan ƙidayar kwamandan ta haraji ce, wanda ake ƙirgawa yana da dalilin ɓuya. Ƙidayar ƙasa baki ɗaya ta farko sai a 1977 aka yi ta.

Na uku, sunayen yunwa. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914. Ta 1984 zuwa 1985 an kira ta El Buhari, wato ƴar Buhari, domin a 1984 gwamnatin sojan Najeriya ta rufe iyakokinta. Jadawalin ruwan sama zai nuna fari. Sunan shi ne ya nuna cewa mutane sun ɗora alhakin a kan toshe hanyar hatsi da ta cin rani. Boureima Alpha Gado, a tarihin yunwar Sahel da ya buga a 1993, ya haɗa takardun hukuma da abin da jama'a suka riƙe a ka, kuma wannan haɗi shi ne abin da Sewell ke nema a ra'i.

5.3 Zamanin wa ake ba da labari?

Labarin da ke babi na biyu, na ƙididdiga da farko sannan al'ada daga baya, labarin Amurka da Ingila da Faransa ne, kuma marubucin bai ɓoye haka ba. Haɗarin yana wurinmu, idan muka koyar da shi tamkar tarihin fannin a duniya duka. Tarihin Afirka na zamani da magana ya fara. Jan Vansina ya buga littafinsa a kan dabarun aiki da tarihin baka a 1961, an kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, André Salifou ya fitar da tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani na Adar a 1975. Stephen Baier, wanda ya rubuta tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, ya haɗa lambobin fatauci da hira da ƴan kasuwa domin ba shi da wata hanya. Sakin kasuwa kuwa ya iso jami'o'inmu ne ta hanyar tsuke bakin aljihun gwamnati a shekarun 1980, ya rage kuɗin bincike da na sayen littattafai. Masaninmu bai ajiye ƙididdiga don ya gaji da ita ba, sau da yawa bai taɓa samun abin yin ta ba.

Wannan batu ya ƙara nauyi tun bayan fitar littafin. Lambobi sun dawo da ƙarfi: rumbun bayanan jiragen cinikin bayi na Atlantika, wanda ya fara fita a faifai a 1999 ya hau intanet a 2008, littafin Thomas Piketty a kan jari a 2013, da kiran Jo Guldi da David Armitage a 2014 na a koma ga dogon zango da manyan rumbunan bayanai, wanda Annales ta yi muhawara a kansa a 2015. Kwamfuta tana ƙirga abin da aka zuba mata ne kawai, kuma abin da aka fi zubawa shi ne bugaggen rubutu na Faransanci da Ingilishi. Dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Yamai, da kaset-kaset na hira da tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, in ba a juye su an tsara su ba, sabon tarihin ƙididdiga zai sake maimaita muryar tafinta.

6. Kammalawa

Logics of History littafi ne da ya kamata kowane ɗalibin tarihi da na harshe ya karanta, musamman babi na biyu da na takwas. Ya yi gaskiya da ya ce tarihin da ya bar awo ba zai iya bayyana talauci da tara dukiya ba, ya kuma nuna a aikace yadda ake bin sauyin ma'ana cikin aukuwa. Rauninsa shi ne ya ɗauki harshe daga hannun masana falsafa da al'adu, ya ɗauka al'umma harshe ɗaya take yi.

Daga wannan sharhi muna ba da shawara biyu. Ta farko, duk kundin da ke da jadawali ya zo da bayanin kalmomin da aka ƙirga: wa ya ba da sunan, da wane harshe, ta bakin wa ya bi. Ta biyu, sashen harsuna da sashen tarihi su haɗa hannu wajen gina rumbun matanin Hausa mai kwanan wata da wurin da aka ɗauko kowane matani, daga ajami da jaridu da kaset, yadda za a iya bin kalma irin su talaka ko haraji ko ɗiyauci shekara bayan shekara. Aikin yana bukatar mai ƙirga da mai jin karin harshen Gobir da na Adar su zauna a tebur ɗaya, kuma ana iya fara shi da kayan da ke hannunmu.